Kurakuran Ginin Jimla da na Nau'in Bayani a Umarnin Na'urar Sarrafa Motsi: Nazari daga Iyakar Jibiya

1.0 Gabatarwa

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta Jibiya. Irin wannan aiki yakan zo da injunan ɗaga kaya da shingayen da ke buɗe kansu, waɗanda na'urar sarrafa motsi ke tafiyarwa bisa rubutaccen umarni. A wannan iyaka, ma'aikacin da ya yi karatu da Ingilishi da takwaransa na Nijar da ya yi da Faransanci, Hausa ce ke haɗa su. Maƙalar ta duba kurakuran da ake tafkawa wajen rubuta umarnin, bisa ƙa'idar IEC 61131-3 da aka fara bugawa a 1993.

2.0 Kurakuran Ginin Jimla

Kamar yadda jimlar Hausa ke da yankin suna da yankin aikatau, haka umarni yake da tsarinsa: Tazara := 12.5; Alamar := tana zuba ƙima, alamar = kuwa kwatantawa take yi, sannan waƙafi mai ruwa ke rufe jimlar. Musanya alamomin biyu ko mance marufin kuskure ne.

Al'adar rubutu ma tana haddasa nata. A Najeriya ana rubuta 12.5 da ɗigo, a Nijar kuwa 12,5 da waƙafi. Na'urar ɗigo kaɗai ta sani, domin waƙafi a wurinta mai raba abubuwa biyu ne. Haka kuma 32,767 a Katsina dubu talatin da biyu ne da ɗoriya, a Maraɗi kuwa bai kai talatin da uku ba.

Ƙa'idojin rubutun Hausa su ma sun shigo ciki. Sautin da Nijar ke rubutawa da ƙugiya, Najeriya tana rubuta shi 'y. Idan aka raɗa wa ma'ajin ƙima suna 'yanKaya, na'urar za ta ɗauki alamar farko a matsayin buɗe zance, ta yi ta jiran marufinsa. Karan ɗori kuma, kamar a gaba-gaba, debewa take karanta shi. Manhajoji da yawa ba sa karɓar ɓ, ɗ da ƙ a cikin suna.

3.0 Kurakuran Nau'in Bayani

Kowace ƙima tana da nau'inta: BOOL na e ko a'a, INT na cikakkiyar lamba, REAL na lamba mai gutsure. Haɗa nau'o'in da ba su jitu ba daidai yake da cewa *yaro ta zo. Sau da yawa manhaja takan ƙi irin wannan tun kafin injin ya motsa.

Haɗarin yana ga kuskuren da ke wucewa shiru. Idan aka raba 7 da 2 alhali duka INT ne, amsar 3 ce, rabin ya salwanta. Bugu da ƙari, INT yana tsayawa ne a 32767. Ma'aunin da ke ƙirga 4000 a kowane zagaye zai kai 40000 a zagaye na goma, kuma a na'urori da dama lambar za ta juye ta koma -25536. Injin zai iya ɗauka ya yi nisa ta baya, ya zabura da kaya a sama, leburori a ƙasa. Maganin shi ne amfani da DINT, wanda ke ɗaukar sama da biliyan biyu.

4.0 Kammalawa

Kuskuren ginin jimla na'ura ce ke kama shi, na nau'in bayani kuwa wani lokaci sai mutum. Tunda da Hausa ake yi wa juna bayani a bakin aiki, ya kamata masana harshe na Najeriya da Nijar su daidaita kalmomin wannan fanni, tare da fitar da tsarin rubuta sunayen Hausa da na'ura za ta karɓa.