LEDA DA ABINCINKI: DARASI GA MAI JUNA BIYU

Darasinmu na wannan fitowar a kan abin da kike taɓawa kullum ne, wato leda. Daga Darmanawa har kasuwar Tarauni, kokon safe a leda, ɗanwake a leda, alala ma a cikinta ake dafawa. Mun saba har ba ma tambaya.

Ina matsalar take?

Daga sinadaran man fetur ake yin leda. Zafi da maiƙo suna sa wani ɓangare na abin da ke jikinta ya shiga abinci. Baƙar leda ta fi zama abin gudu, domin sau da yawa tsofaffin robobi ake narkawa a yi ta, ba don abinci aka yi ta ba. A shekarar 2021 wasu likitoci a ƙasar Italiya sun wallafa cewa sun duba mabiyiya ta mata shida da suka haihu, suka sami ɓurɓushin roba a guda huɗu. Kada hankalinki ya tashi, amma ki lura: abin da ya shiga jikin uwa yana iya isa inda jariri yake.

Matsala ta biyu a ƙofar gidanki take. Leda ba ta ruɓewa da wuri. Idan damina ta sauka sai ta toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yana jawo wa mai ciki ƙarancin jini, ɓari, ko haihuwar jariri marar nauyi. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar roba a 2008, Kenya ta bi baya a 2017. Jihar Legas ma ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a watan Janairun 2024.

Ledar da take ruɓewa

Masana suna neman abin da zai maye gurbin leda, kuma ɗaya daga ciki shi ne jelatin. Kin san shi ko da ba ki san sunan ba. Idan kika yi farfesun ƙafar saniya ya huce, romon ya kan daskare yana rawa. To wannan shi ne jelatin. Daga fata da ƙashin dabba ko fatar kifi ake fitar da shi, kuma da shi ake yin ɓawon kafso da yawa. Idan aka narka shi, aka shimfiɗa siriri ya bushe, sai ya zama kamar farar leda.

Amfaninta: ana hango abin da ke ciki. Tana tare iska, don haka abu mai maiƙo kamar gyaɗa ba ya saurin canja ɗanɗano. Idan aka jefar da ita ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cinye ta, ba ta zama a kwata shekara da shekaru. Ko akuya ta ci, za ta narke a cikinta.

Rauninta: ba ta son ruwa. Laima tana sa ta yi laushi, ruwan ɗumi kuma yana narkar da ita, saboda haka ba za ta riƙe koko ko miya mai zafi ba. Idan ta bushe sosai, kamar a hunturu, sai ta tsage, shi ya sa ake haɗa ta da gilisarin don ta yi taushi. Sannan akwai batun halal: wani jelatin daga fatar alade ake yin sa, wani daga saniya ko kifi. Idan kina shakkar wani kafso, ki tambayi mai ba da magani. Kada ki daina shan maganin da aka rubuta miki a kan zato.

Wannan leda ba ta zama ruwan dare a kasuwanninmu ba, kuma ko ta zo, busasshen abinci za ta fi yi wa amfani. Maganin abinci mai zafi yana cikin kicin ɗinki tun tuni.

Abin da za ki yi daga yau

1. Ki ba ɗan aike kwanon silba mai murfi ko kula idan za a sayo koko, waina ko ɗanwake.
2. Ki dafa alala a ƙananan kwanonin silba ko a ganyen ayaba da aka wanke.
3. Kada ki rufe tukunyar shinkafa ko dambu da leda don ya turara.
4. Kada ki hura gawayi da leda. Hayaƙinta yana cutar da ƙirjinki da na yara.
5. Maigida, a taimaka a yashe kwatar ƙofar gida kafin ruwan farko, a kuma tabbatar uwargida tana kwana cikin gidan sauro.

Idan kin zo awo, ki kawo tambayoyinki, za mu amsa. Allah ya raba lafiya, amin.