Darasi a Kan Iznin Rubuta Faifai a Kwamfuta

Sau da yawa akawu ko malamin makaranta yakan sa sabon faifai cikin kwamfuta domin ya adana takardun aiki, sai na'ura ta ƙi, ta ce ba shi da izni. Wasu sukan zaci na'urar ce ta lalace, har su kai ta wurin mai gyara a yi hasarar kuɗi. Galibi kuwa lafiyarta lau. Wannan darasi ya shafi kwamfuta mai aiki da tsarin Linux, wanda Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan, ya soma a shekarar 1991.

Asalin Al'amarin

Linux ya gaji wata al'ada daga tsarin Unix na shekarar 1969, watau kowace na'ura ana lissafta ta kamar fayil, a ajiye sunanta cikin ma'ajin /dev. Sunan na'urar faifai ta fari /dev/sr0. Kowane fayil yana da masu haƙƙi iri uku: mai shi, da ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Iznin karatu lambarsa 4, na rubutu 2, in an haɗa su 6 ke nan.

A yawancin kwamfutoci iznin na'urar faifai 660 ne. Ma'anarsa, babban mai iko, wanda ake kira root, yana karatu da rubutu, 'yan ƙungiya ma haka, amma sauran jama'a ba su da kome. Zuba bayani a faifai kuwa rubutu ne. Saboda haka wanda ba ya cikin ƙungiyar, ƙofa a kulle take gare shi.

Yadda Ake Gyarawa

Da fari, mai lura da kwamfuta ya rubuta wannan umurni:

ls -l /dev/sr0

Amsar za ta nuna sunan ƙungiyar. A Debian da Ubuntu sunanta cdrom, a Arch Linux kuwa optical. In an ga alamar + a ƙarshen haruffan izni, to, tsarin ya riga ya ba wanda ke zaune gaban kwamfutar izni na musamman. Wanda ya shigo daga nesa ta hanyar sadarwa ba ya samun wannan.

Na biyu, ya shigar da ma'aikacin cikin ƙungiya. In sunan shigarsa akawu ne, sai ya rubuta:

sudo usermod -aG cdrom akawu

Lalle ne a kula da harafin a. In aka bar shi, za a fid da mutumin daga dukan sauran ƙungiyoyinsa na ƙari, har da wadda ke ba shi ikon shugabanci, in yana da shi.

Na uku, ma'aikacin ya fita daga tsarin, sa'an nan ya sake shiga, gama sabon izni ba ya kama aiki sai an yi haka. Kana ya rubuta groups, ya duba ko sunan ƙungiyar ya fito. In ya fito, sai ya buɗe K3b ko Brasero ya gwada da faifai guda.

Abubuwan da Za a Guje Musu

Kada a ba kowane ma'aikaci kalmar sirrin root don kawai ya rubuta faifai. Mai wannan iko, da kuskure guda yana iya shafe aikin shekaru. Ba a ba baƙo mabuɗin taska don yana neman ruwan sha.

Har wa yau kada a dogara ga umurnin chmod 666. Illarsa biyu ce. Ta fari, yana buɗe na'ura ga kowa da kowa. Ta biyu, ba ya daɗewa, domin duk sa'ad da aka ta da kwamfuta ana sake shirya ma'ajin /dev, kuma udev, mai kula da shi, yakan mai da izni yadda yake a dā. Wanda ke son canji mai ɗorewa sai ya rubuta ƙa'idarsa cikin /etc/udev/rules.d.

Amfanin Wannan Aiki

Faifan CD yakan ɗauki megabayit 700, na DVD kuwa gigabayit 4.7. Faifai irin CD-R da DVD-R, abin da aka rubuta a kansa ba ya gogewa, shi ya sa ya dace da ajiyar rajista da lissafin kuɗi. Ya kamata shugaban kowane ofis ya riƙe jerin sunayen waɗanda aka ba izni. Wanda ya bar aiki, a cire shi da umurnin gpasswd -d, a bi da sunansa da na ƙungiyar. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mece ce ma'anar lamba 660?
2. Me zai faru in an manta da harafin a?
3. Don me gyaran chmod ba ya ɗorewa?