Hawan Dutsen da Ba Shi da Hanya

Mu mutanen Nasarawan Doya da Makarfi da Ikara, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ta gonakin rake da masara. Babban dutsen da yawancinmu suka sani shi ne Kufena, kusa da Wusasa ta Zariya. Saurayi mai ƙarfi yakan hau shi da safe, ya sauko kafin azahar. Amma ba kowane dutse ake yi wa haka ba.

Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya shi ne Gangirwal, wanda ake kira Cabbal Wadi. Tsawonsa mita 2,419 ne bisa teku. Yana Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda gwamnati ta kafa a shekara ta 1991. Mai son hawansa sai ya yi tafiyar kwanaki da ƙafa, ta cikin kurmi, da rafuka, da doguwar ciyawa. Ga abu huɗu da ya kamata ya riƙe.

Na fari, jagora. Inda babu turba, ƙarfi ba ya nuna gabas. Sawun ɓauna yakan yi kama da hanyar mutane, ya kai baƙo bakin rami. Saboda haka sai a nemi izini wurin ma'aikatan gandun, waɗanda babban ofishinsu yana Serti, a tafi da wanda ya san dajin. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, lokaci. Da rani ake tafiya. Da damina, rafin da aka haye da safe yakan cika kafin maraice, ya tsare mutum a ƙetare.

Na uku, sanyi. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kamar digiri 6. Wanda ya tashi da 'yar shara, dare zai same shi yana makyarkyata. A ɗauki bargo, da ashana, da guzuri fiye da na kwanakin da aka ƙidaya.

Na huɗu, saukowa. Ƙwanƙolin dutse rabin tafiya ne kaɗai. Gwiwar da ta gaji ita ce mai zamewa, wanda ya karye a can kuwa, sai 'yan'uwansa su ɗauke shi a kafaɗa, gama asibiti yana nesa. Idan jagora ya ce a juya domin hazo ya rufe, sai a juya, ko da ana hangen ƙwanƙolin. Dutsen ba zai tashi ba, amma rai ɗaya ne.

Tambayoyi
1. Me ya sa ƙarfi kaɗai bai isa ba?
2. Don me ba a hawa da damina?
3. Idan jagora ya ce a juya, wani kuwa ya ƙi, me sauran za su yi?