Gwajin Galahanga a Lokacin Goyon Ciki: Amfani da Matsaloli

1.0 Gabatarwa

A wannan darasi za a duba ma'anar galahanga, da hanyoyin gano ta tun jariri yana ciki, da kuma tambayoyin da wannan gwaji ya haifar. Sanin wannan ya zama wajibi ga ɗalibi mai shirin zama malami, domin zai haɗu da irin waɗannan yara da iyayensu a bakin aiki.

1.1 Ma'ana

Hausawa kan kira larurori da dama galahanga, amma a nan ana nufin wadda likitan Ingila John Langdon Down ya bayyana a 1866. A 1959 masana a Faransa suka gano musabbabinta. Ƙwayar halittar ɗan Adam tana ɗauke da zaren gado 46, wato tagwaye 23. Mai wannan larura yana da 47, saboda zare na 21 ya zo uku maimakon biyu. Wannan kan jawo jinkirin koyo, wani lokaci da ciwon zuciya. Yiwuwar samunta tana ƙaruwa idan uwa ta haura shekara 35.

1.2 Hanyoyin Gwaji

Gwajin iri biyu ne:

(a) Na hasashe: hoton ciki tsakanin mako na 11 da na 14, ko gwajin jinin uwa daga mako na 10. Wannan yana nuna yiwuwa ne kawai.

(b) Na tabbatarwa: ɗibar ruwan mahaifa da allura daga mako na 15. Yana da ɗan haɗarin ɓari.

1.3 Matsalolin Ɗa'a da Zamantakewa

Matsala ta farko ita ce abin da zai biyo bayan sakamako. A wasu ƙasashen Turai yawancin iyaye kan zubar da cikin. A Arewacin Nijeriya kuwa dokar Final Kod ta haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, mazhabar Malikiyya ma ta tsananta a kai. Saboda haka amfanin gwajin a nan shi ne shiri: a haihu a asibiti, a duba zuciyar jariri da wuri.

Ta biyu ita ce rashin daidaito. Mace a ƙauyukan Birniwa, wadda ambaliya kan tare wa hanya da damina, da ƙyar take kaiwa Babban Asibitin Haɗeja awon ciki, balle Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Ta uku ita ce tsangwama. Akwai masu kiran irin wannan yaro ɗan ruwa, su ce aljanu ne suka yi musanye, ko su ɗora wa uwa laifi. Sakamakon da aka bayyana ba tare da nasiha da sirri ba yana iya kashe aure. Ana iya kwatanta wannan da gwajin sikila kafin aure, wanda Jihar Kano ta wajabta a 2024. Bambancin shi ne, shi wancan ana yin sa kafin a ɗaura aure, wannan kuwa sai ciki ya shiga.

1.4 Kammalawa

An ga cewa gwaji yana ba da sani, amma ba ya rage darajar yaro. Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar masa da haƙƙin ilimi. Aikin malami shi ne ya karɓe shi a aji, ya koyar da shi sannu a hankali da maimaici, ya kuma wayar da kan iyaye.

Auna Fahimta

1. Bambanta gwajin hasashe da na tabbatarwa.
2. Uba ya ce ɗansa ɗan ruwa ne, ba zai sa shi makaranta ba. Rubuta jawabin da za ka yi masa.