Haɗa Wutar Tirela da Kan Mota

Garin Potiskum na Jihar Yobe ya shahara da kasuwar shanu da kuma manyan motoci. Daga Bolewa da sauran unguwannin garin, mutane da yawa da tirela suke ci da iyalinsu, kuma galibin tafiyarta cikin dare ne. Tirela ba ta da batir nata. Duk fitilun bayanta daga kan mota suke samun wuta, ta igiya guda mai wayoyi 7. Idan igiyar nan ta sami matsala, direban da ke biye ba zai san an taka birki ba sai ya iso gab da bodi.

Bisa tsarin motocin Turai, kowace waya da launinta da aikinta. Ja ta fitilar birki ce. Mai ruwan ɗorawa ta siginar hagu, koriya ta dama. Baƙa da mai ruwan ƙasa su ke kunna ƙananan fitilun baya, hagu da dama. Shuɗiya an ware ta domin na'urar birkin tirela. Fara kuwa ita ce ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota, kuma ita aka fi wulaƙantawa, alhali kuwa sauran duka da ita suka dogara. In ta saki, ko tsatsa ta ci inda aka ɗaure ta, sai a ga fitilu sun dushe, ko a sa sigina fitilar birki ta riƙa ƙiftawa. Wajibi ne a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito, sa'an nan a ɗaure ta tam.

Ana jan hankalin masu motoci ga wani haɗari da ido ba ya gani. Motocin Turai, irin su DAF da MAN, da wuta mai ƙarfin bolt 24 suke aiki, na Amurka kuwa, irin su Mack, bolt 12 ne. Soket ɗinsu kusan siffa ɗaya ne, har wannan yakan shiga wancan. Idan aka jona tirela mai ƙwan fitila na bolt 12 da kai mai 24, ƙwayayen za su ƙone. In aka yi akasin haka, hasken ba zai wuce na aci-bal-bal ba. Saboda haka duk wanda ya sauya wa tirela kai, sai ya duba lambar da ke jikin ƙwan tukuna.

Mai aikin wuta ya cire kan batir kafin ya taɓa waya. Kada ya dogara ga launi kaɗai a tsohuwar mota da hannu da yawa suka taɓa, ya gwada kowace waya da fitilar gwaji. Fis ɗin da ya ƙone a sauya shi da irinsa, domin cusa zaren waya a gurbinsa yakan jawo gobara. A bar wa igiyar isasshen tsawo don kada ta tsinke wajen shan kwana, amma kada ta kwanta tana gogar ƙarfe.

Kafin a tashi, yaron mota ya tsaya a baya, direba ya taka birki, ya sa sigina hagu da dama, yaron yana faɗa masa wadda ta kama.