Ma'o Hau Hele: Ɗan'uwan Rama da Ke Ƙarewa a Dazukan Hawai

Ma'o hau hele ƙaramin itace ne da ba ya fitowa da kansa a ko'ina sai a busassun dazukan tsibiran Hawai. Masana tsirrai suna kiransa Hibiscus brackenridgei, sunan da Asa Gray ya raɗa masa a 1854 don girmama William Brackenridge, mai tattara tsirrai a wata tawagar binciken teku ta Amurka. Danginsa ɗaya da rama da yakuwa da kuɓewa, kuma duk wanda ya san furen rama zai gane shi da kallo ɗaya.

Yakan yi rassa tun daga gindi, ya kai mita 5 a tsayi, wani lokaci ya zarce ya zama bishiya. Ganyensa mai yatsu ne, uku ko biyar ko bakwai, da gashi mai kaushi. Wasu rassan suna da 'yan ƙayoyi. Furen ne abin kallo: rawaya mai haske, faɗinsa santimita 10 zuwa 15, kunnuwa biyar, wani da jan tabo a tsakiya, ga sandar ƙurar fure ta miƙe a ciki kamar ta kuɓewa. Yakan buɗe da la'asar, washegari ya rufe. Kwanson irin yana da ƙaiƙayi.

Mazauninsa gefen tsibiran da ruwa bai cika sauka ba, kuma wannan daji ne ya fi lalacewa, don fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa ya tafi. Awaki da shanu da aladu da aka shigo da su suna cinye ƙananan tsiro, ɓeraye su ci iri. Babbar illa ita ce ciyawar da aka kawo daga Afirka domin kiwo: tana bushewa da rani, gobara ta kama, ita ta sake tofowa cikin gaggawa, ma'o hau hele kuwa bai iya binta ba.

A 1988 aka ayyana shi furen jihar Hawai, a 1994 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin tsirran da ke dab da ɓacewa. Yana kamawa cikin sauƙi daga iri ko daga reshe, shi ya sa ake ganinsa a lambunan gidaje, abin da ke ruɗin mutane su ɗauka yana da yawa. Na daji kam sai an kewaye shi da shinge, an nome ciyawar da ke gefensa, kafin 'ya'yansa su tsira.