Ajiyar Kayan Lambu: Rami ko Rudu?

A littattafan aikin gona mun karanta yadda mutanen Ingila da Amurka ke ajiye kayan lambunsu. Sukan haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, da kaka su zuba dankalin Turawa da karas da kabeji, su yi ta ci har hunturu ya wuce. Dabara ce mai kyau, amma bai kamata mu kai wa yara ita a aji ba sai mun san dalilinta.

Dalilin kuwa shi ne, in aka nutsa cikin ƙasa, zafinta ba ya bin na rana da dare, yakan tsaya kusa da matsakaicin zafin shekara na wurin. A can ramin yana da sanyi da laima, ba ya kuwa daskarewa, abin da karas ke so ke nan. A Argungu matsakaicin nan ya haura digiri 25, watau raminmu ɗumi gare shi. Ga shi kuma lambunanmu a fadamar Rima suke. Da damina ta kankama ruwa ya taso, abin da ke cikin rami ya zama taki.

Mu ba sanyi ne abokin gabanmu ba, laima ce. A dubi albasa, wadda ita ce dukiyar mai lambu tun daga Argungu har Aliero. Wajen Maris da Afrilu ake cire ta, lokacin da ta cika kasuwa ba ta da daraja. Wanda ya iya riƙe tasa har tsakiyar damina shi ke cin riba, wanda ya kasa kuwa wahalar ban ruwa ta tafi a banza. Abin mamaki, zafin bazara ba ya sa albasa tsiro, hana ta ma yake yi. Saboda haka manomanmu suka yi gaskiya da suka ɗaga ta sama cikin rudu na kara da ciyawa, iska na ratsawa ta ƙasa da gefe.

Amma fa aikin tun daga lambu yake farawa. In ganye ya soma kwantawa sai a daina ban ruwa. In an cire, a bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe, sa'an nan a yanke ganyen, a bar kamar faɗin yatsa 2. Mai kaurin wuya da wadda fartanya ta sara, a kai su kasuwa ko tukunya, gama ta nan ruɓa ke shiga. Kada a tula ta da zurfi don ƙyashin kara. Lalle a riƙa leƙa rudun, ana tsame wadda ta yi laushi, hanci ma yakan riga ido sani.

Rogo kam ramin ajiyarsa ita ce gonarsa. In an tone shi, kwana 2 ko 3 ya soma baƙi, sai a riƙa tonon na ci kaɗai.